Takarda a Cikin Takalmin Alhaji Ja'e

Sati ba ya ƙarewa sai wani matashi ya shigo shagona a Rano ya jingina da ƙofa ya ce, "Malam Sabo, wannan naka ai ba aiki ba ne. Danna maɓalli ne kawai takarda ta fito." Na daina yi musu gardama. Na fi shekara ashirin ina fitar da takarda daga inji, kuma takarda ɗaya tak ta kusa sa a kashe ni da rana tsaka a gaban jama'a. Aji uku na sakandare na tsaya, don haka mai neman Hausa mai ado ya nemi wani. Ni abin da ya faru zan faɗa. Sunayen sauran mutane kawai na sauya, kuma za ku ga dalili.

Takardar farko da na buga a rayuwata ta cinikin gona ce. A lokacin ina koyon aiki wajen Malam Idi mai tafireta, wanda ke zama a ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya kusa da kotu. Na jera farar takarda biyu da kabon a tsakani, na buga da yatsa biyu, na zare na miƙa wa mai gonar. Malam Idi ya buge mini hannu. Ya ce in karanta da ƙarfi tukuna. Da na karanta sai ga shi na sa iyakar gabas a yamma, na ba mutumin rabin gonar maƙwabcinsa. Malam Idi bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Sabo, duk takardar da ta fita daga injinka a wuyanka take. Ka karanta ta kafin ta bar hannunka." Shekara huɗu na yi a wajensa, ina sauya ribon, wato ƙyallen tawada, ina goge haruffa da tsohon buroshin haƙori, ina bin takarda da biro ina sa wa ƙa da ɗa da ɓa ƙugiya, don injin ba shi da su. Na ga ya kori mutum mai babbar riga saboda yana son a buga masa wasiƙa ba suna a ƙasa. Shi ne kuma ya nuna mini cewa kowane inji yana da tabonsa. Nasa harafin e ne ke faɗowa ƙasa da layi, har alƙali kan gane takardarsa daga nesa.

Aikin jarrabawar wata makarantar firamare ne ya yi wa firintata nata tabon. Bayan tafireta ta mutu a kasuwa na sayi tsohuwar kwamfuta da firinta ta hannu a Kano, irin mai garin tawada, ba mai ruwa ba. Malamin makarantar ya kawo takardunsa don a rage masa tsada, ashe akwai ƙarfen sitafula a jikin ɗaya. Ya shiga ya karce dram, wato gangar da ke ɗaukar tawada ta manna a takarda. Tun daga ranar duk abin da na buga sai siririn baƙin layi ya fito a gefen hagu, daga sama har ƙasa. Ban sauya dram ɗin ba. Rubutu yana fita, ba wanda ya yi ƙorafi. Katin ɗaurin aure, fom na makaranta, sanarwar masallaci, duk da layin. Daga Rano har Kibiya mutane suna cewa "takardar Sabo mai layi". Har daɗi nake ji, kamar tambari.

Sai zamanin waya ya zo. Kowa takardarsa tana cikin wayarsa. Mutum ya zo, a nemi kebul, kebul ya ƙi, a cire katin ajiya, kati ya zuba wa kwamfuta cuta, in kwana biyu ina gyara. Ana haka wani mai gyaran waya a Kano ya nuna mini 'yar ƙaramar rauta ta tafiya. Ba ta fi sabulun wanka girma ba, tana da batirinta, tana da baki ɗaya irin na kebul ɗin firinta. Ka soka firinta a bakin, ita kuma ta watsa waifai, duk wayar da ta kama ta aika takarda ta iska. A baki da sauƙi. Kwana uku na yi kafin ta yi mini aiki. Sai ka shiga shafinta ta waya ka kunna sashen firinta, sai ka sa wata manhaja a wayar mai bugawa, ka rubuta mata adireshin rautar, lambobi kashi huɗu da ɗigo a tsakani, sannan ka zaɓi ainihin samfurin firintarka. Ran farko na zaɓi wanda ba shi ba. Firintar ta dinga amayo takardu cike da alamomi kamar rubutun aljanu, sai da na zare wuta. Ku da kuke cewa danna maɓalli ne, ku je ku gwada.

Abu uku na yi da rautar nan, biyu wauta, ɗaya kuma shi ya cece ni. Na farko, na cire lambar sirri. Mutum sai ya rubuta ta sau biyar yana kuskure, layi ya taru, na gaji na bar ta a buɗe. Na biyu, na daina karanta takardun mutane. Firintar tana fitar da takarda a kife, mai ita ya ɗauka ya biya ya tafi. Mutane sun so haka ƙwarai, musamman mai sakamakon asibiti da mai takardar kotu. Ciniki ya ƙaru, ni kuma na ce a raina Malam Idi mutumin da ne, Allah ya ji ƙansa. Na uku, a shafin rautar akwai jerin wayoyin da suka shiga da lokacin da kowace ta aika aiki, sai na riƙa sa wa wayoyin kwastomomina na kullum suna don in gane su. Na kuma lura da wani hali nata: wannan jerin ba ya zama. Da zarar ta mutu, ko an kashe ta ko batir ya ƙare, komai ya goge.

Da na ga kayan sun zama na ɗauka, sai na fara fita ƙauye. In naɗe firinta da katifar yara in sa a buhu, in ɗaure a bayan babur tare da ƙaramin janareto, rauta a aljihu. Duk inda ake rajistar taki ko ta tallafin manoma, Durba, Fassi, Kahu, ina nan a gindin bishiya kafin hantsi. A Kahu babban kwastomana shi ne Haro, ɗan farin Alhaji Ja'e. Alhaji Ja'e Bafulatani ne da ya daɗe da zama, yana noma, yana da shanu masu yawa, ana jin maganarsa. Haro kuwa magidanci ne mai 'ya'ya uku, shi ke tattara madarar rugagen wajen yana kai wa masu saye, kullum yana buga jerin sunaye. Ni na sa masa manhajar, na kuma sa wa wayarsa suna a rauta: Haro madara. Ya sha yi mini ƙorafi cewa tsoho ya ƙi sayar da ko saniya ɗaya a sayi motar ɗaukar madara. Ina ji ina dariya.

Ranar wata Talata ce, farkon damina, ana rajistar taki a Kahu. Tun safe nake bugawa, fom shafi biyu kowane mutum. A shekarar mutane a tsorace suke. Ana ta jin labarin masu satar mutane daga wasu wurare, kuma kalma ɗaya, infoma, wato mai kai musu rahoto, ta isa a gama da mutum kafin a tambayi sunansa. Da aka kira azahar fili ya watse. Janareton nawa igiyar tayar da shi ta lalace, in ya mutu sai an sha wahala, don haka na tsaya na ƙara masa fetur na bar komai a kunne. Na isa masallaci a makare, na samu raka'a ta ƙarshe a waje, a bayan kowa. Na rama sauran ni kaɗai na dawo.

Ban fi minti goma da zama ba na ji hayaniya daga wajen masallaci. Alhaji Ja'e ya fito zai sa takalmi ya ji takarda a ciki. Ba ya karanta boko, sai ya miƙa wa wani malamin makaranta, shi kuma ya karanta da ƙarfi kafin ya fahimci abin da yake karantawa. An rubuta cewa an san yawan shanunsa, an san rijiyar da jikokinsa ke ɗebo ruwa. Ya sayar da shanu goma kafin Juma'a ya jira kira, in ba haka ba ya ƙirga jikokinsa. Ba suna a ƙasa. A gefen hagu kuma ga siririn baƙin layi daga sama har ƙasa. Kowane mutum a wajen yana riƙe da fom mai irin wannan layin.

Ban san lokacin da suka kewaye ni ba. Dogo, shugaban 'yan sa-kai na wajen, shi ya fara isowa da gora a hannu. Ya harbi janareton da ƙafa ya mutu. Wani ya fizge wayata. Dogo ya manna mini takardar a fuska.

"Wannan daga injin wa ta fito?"

"Daga nawa," na ce. Ƙarya ba za ta yi amfani ba.

"To wa ya ba ka ka buga?"

"Wallahi ban gan ta ba sai yanzu."

"Ji ɗan iska! Inji naka, takarda taka, amma ba ka gani ba? Aljani ne ya buga?"

Na fara bayanin waifai, cewa kowa zai iya aikawa daga wayarsa, amma wa zai saurari wannan? Wani ya ce bai gan ni a masallaci ba. Wani ya ce dama mutumin Rano ne, yana yawo ƙauye-ƙauye yana ganin takardun kowa, wa ya fi shi sanin mai dukiya? Aka zaunar da ni a ƙasa, aka ɗaure mini hannu ta baya da igiyar da nake ɗaure kaya. Na ga wani ya ɗauki galan ɗin fetur ɗina yana jijjigawa ya ji ko da saura. Wannan ƙarar har yau ina jin ta.

A nan na tuna da jerin wayoyin nan na shafin rauta. Na waiga wajen tebur, rautar ba ta nan. Tana hannun Haro. Shi ya fi kowa ɗaga murya, yana nuna ta ga mutane yana cewa, "Kun ga abin da yake haɗa baki da su ke nan! Da wannan yake kiransu!" Tana aiki da batirinta tunda an kashe janareto, kuma cikin fitilu huɗu na caji ɗaya ce ta rage. Babban yatsansa yana daidai kan maɓallin kashewa. A lokacin ban zarge shi da komai ba. Abin da na sani kawai, in ya danna, ko da wasa, na mutu.

Alhaji Ja'e ya iso da sandarsa, mai unguwa na biye da shi. Tsoho ne siriri, ba ya gaggawa. Na ɗaga murya iyakar ƙarfina.

"Alhaji! Don girman Allah ka karɓi abin nan ka riƙe da hannunka. Kada kowa ya taɓa shi. Wanda ya aiko takardar yana ciki. In ya mutu shi ke nan, ya goge."

Na ga fuskar Haro ta sauya, amma na ɗauka fushi ne. Ya ce, "Baba, kada ka saurare shi, dabara ce. A fasa abin kawai."

Alhaji bai dube shi ba. Ku yaran gari wataƙila ba ku san wannan ba: irin su Alhaji ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa kallonsa ido da ido a cikin mutane, ba sa hira da shi. Kunya ce, haka suka gada. Shekara talatin da wani abu bakin tsohon nan bai taɓa furta sunan Haro ba. Sai ya miƙa hannu gefe kawai ya ce, "Kai. Kawo." Haro ya tsaya jim, sannan ya ɗora masa a tafin hannu.

Na roƙi a ba ni wayata a kwance mini hannu ɗaya. Dogo ya ce sam, zan kira mutanena. Mai unguwa ya ce a cire layukan wayar tukuna. Kafin a samo allurar cire layi an ci minti biyar, ni kuwa idona na kan fitilar nan ɗaya, ta fara ƙiftawa. Aka kwance mini hannun dama. Na rubuta adireshin rautar sau biyu ina kuskure. A na uku shafin ya buɗe. Na gangara jerin. Tun safe wayoyi barkatai, aiki kan aiki. Daga kiran salla komai ya tsaya. Sai aiki ɗaya tak a tsakiyar wannan shirun, lokacin da kowa ke cikin sahu, shafi ɗaya. A gefensa sunan da na rubuta da hannuna.

"Karanta mana," in ji Dogo.

Na ɗaga kai. Haro yana tsaye taku uku daga inda nake, ƙannensa da 'yan uwansa a bayansa, kowa da sanda. In na faɗi sunan da ƙarfi, wa zai yarda? Za a ce baƙo ya ga mutuwa ya laƙa wa ɗan gida. Malamin makaranta ne kaɗai zai iya duba shafin, shi kuma ya riga ya sulale. In na yi shiru kuma ga galan.

Na ce, "Alhaji kaɗai zan faɗa wa. Takalminsa ne."

Tsohon ya durƙusa a gabana, gwiwoyinsa suna ƙara. Ya kawo kunnensa. Warin nono da turare yake yi. Na faɗa masa sunan, na faɗa masa lokacin. Bai motsa ba. Ya daɗe yana kallon wayar da ba zai iya karantawa ba. Sannan ya ce, a hankali yadda ni kaɗai zan ji, "Ban gan shi a sahu ba." Sai ya tambaye ni, "Bayan kai wa ya san wannan?"

"Ba kowa, Alhaji."

"Ka ce in ya mutu ya goge?"

"E."

"Ina ake kashe shi?"

Na dube shi. Na gane abin da yake nufi, na kuma gane ba ni da zaɓi. Na nuna masa da haɓa. Ya sa babban yatsa ya danna ya riƙe har fitilar ta ɗauke. Ya miƙe ya ajiye rautar a kan tebur ya ce, "Ku kwance shi. Ba shi ba ne."

Dogo ya ce, "To wane ne, Alhaji?"

"Na ce ba shi ba ne."

"Alhaji, jikokinka fa aka ambata!"

"Nawa ne. Ba abin da zai same su." Ya ninke takardar ya sa a aljihu ya juya. Mutumin da bai kira sunan ɗansa ranar farin ciki ba, ba a ranar zai fara ba.

Aka kwance ni. Ba wanda ya ba ni haƙuri. Na ɗaure kayana da igiyar da aka ɗaure ni da ita, na hau babur. Har na wuce Kibiya ina waiwaye.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a sana'ata. Tunda ba a kama kowa ba, sai labarin ya zama cewa ni ne, na raɗa wa tsoho wani abu ya ji tsoro ya sake ni. Na je Fassi ranar rajista na zauna daga safe har la'asar, mutum biyu suka zo. A Durba mai shayi ya ce in matsa daga kusa da teburinsa. Makarantu biyu suka janye aikin jarrabawa ba bayani. Wani ya kawo katin aure, ya ga layin, ya ce a'a, kada a ga wannan a katin 'yarsa. Na sayar da janareton. Na sayi sabon dram, amma sunan ya riga ya bi ni. Kuma ban iya wanke kaina ba, don shaidata ta goge a hannun tsoho, abin da ya rage kalmarsa ce kawai. Sau ɗaya ya aiko mini da kwaryar man shanu, ba saƙo. Na karɓa. Me zan yi?

Yanzu aiki ya ɗan dawo, a shago kawai, ban ƙara fita ƙauye ba. Rautar tana nan tana aiki. Tana da lambar sirri mai tsawo, ni nake rubuta ta a wayar mutum da hannuna, kuma ina sauya ta duk Juma'a. Firintar tana bayan kanta inda hannu ba ya kaiwa. In zan tafi salla sai na kashe komai. Kowace takarda kuma sai na juya ta na karanta. Wanda ya ce sirri ne, in nuna masa shagon gaba.

Alhaji Ja'e ya rasu bayan sallar layya da ta wuce. Mutum biyu muka rage da muka san abin da ke cikin rautar nan a ranar. Haro ya gaji rabonsa, ya sayi motar. Makon jiya ya faka ta a ƙofar shagona ya shigo da fara'a.

"Malam Sabo, kwana biyu! An daina ganinka a wajenmu."

"Tsufa ne, Haro."

"Har yanzu abin nan yana tuna mutane?" Ya nuna rautar da mukullin mota yana murmushi.

"Yana mantawa in an kashe shi," na ce.

"Madalla. Mutum ma gara ya zama haka."

Jerin masu madara ya buga, shafi ɗaya. Na juya na karanta shi tun daga sama har ƙasa yana tsaye yana kallona. Ya biya ya fita. Sai da ƙarar motar ta ɓace na iya zama.

Washegari na ciro tsohon dram daga akwati na mayar da shi cikin firinta. Da shi na buga wannan labarin, kwafi uku, kowanne da baƙin layinsa a hagu don kada a yi musun inda ya fito. Wannan da kuke karantawa shi ne mai sunayen aro. Ɗaya mai sunayen gaskiya yana wajen ƙanena a Kano, ɗaya yana wajen wani da ba zan faɗa ba, kuma sun san ranar da za su buɗe, ranar da wani abu ya same ni. Na karanta kowanne da ƙarfi kafin ya bar hannuna, na sa sunana a ƙasa.

Sabo mai layi, Rano.